Kuɗin Mutane a Hannun Mazaunin Makka

Duk Bahaushen da ke zaune a Makka, ko Madina, ko Jidda, ya san yadda wayarsa take komawa da zarar Rajab ya kama, balle a ce an shiga Zulƙida. Wannan ya turo kuɗin dabino, wancan yana son a saya wa 'yarsa sarƙa da ɗan kunne na aure, wata Hajiya tana neman wanda zai yi wa mahaifinta Umara, ga alhazan da za su danƙa maka kuɗin hadaya tun ba su warware gajiyar hanya ba. Ba don ka fi kowa ilimi suke nemanka ba. Gani suke wanda yake kallon Ka'aba yana sallah ba zai ci haƙƙinsu ba, kuma kai ma haka kake ɗaukar kanka.

Ka tare duk wanda ka ga dama a Shara Mansur ko Misfala ka tambaye shi halin da ya fi so a shaide shi da shi, amana zai ce maka, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Amma duk shekara, bayan alhazai sun watse, sai ka ji an zauna sulhu a kan kuɗin wani. Abin da na fahimta shi ne, yawancin waɗanda amana ta lalace a hannunsu ba su karɓa da niyyar cuta ba. Tsari ne babu. Mutum yana son amana a ransa, amma yadda yake karɓar kuɗi da ajiye shi da kashe shi bai dace da abin da yake so ɗin ba. A nan gyaran yake, kuma gyara ne na aiki, ba na wa'azi kaɗai ba.

Ɓarnar farko daga aljihu take farawa. An ba ka riyal 2,000 na sautu, ka zuba a inda naka yake, ko ka bari ya shiga asusun da kake biyan haya da cefane da shi. Ba ka yi niyyar taɓawa ba. Kwana uku sai mai gida ya ƙwanƙwasa, ko lokacin sabunta igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya zo, sai ka ce bari in ara, albashi na shiga zan mayar. Albashi ya yi jinkiri, wani sautun ya shigo, ka toshe ramin farko da shi. Daga nan ba amana kake riƙe da ita ba, bashin mutane ne da ba su san sun ba ka ba.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. Ajiyar da ta salwanta a hannunka ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, babu ramuwa a kanka. Amma da zarar ka sa hannu a ciki, abin da ka ɗauka ya hau wuyanka. A Risala an ce yin kasuwanci da kuɗin ajiya makaruhi ne. A Muktasar kuwa an rarrabe: mai wadata da ya ari kuɗin ajiya ya yi makaruhi, wanda ba shi da abin biya kuwa haramun ya aikata. Wannan rarrabewar ita ce ya kamata ta tsorata mu, domin ba mai wadata ne yake taɓa ajiya ba. Wanda ya matsu ne, wato daidai mutumin da aka haramta wa.

Maganin ba shi da tsada. Ambulan ɗaya ga mutum ɗaya, da littafi ɗaya na amana kaɗai, ba wanda kake rubuta bashin shago a ciki ba. A kowane shafi a sa sunan mai kuɗi da lambar wayarsa, ranar da aka karɓa, adadin, da wane irin kuɗi ne, abin da aka ce a yi da shi dalla-dalla, ladan da za ka ɗauka, da sunan wani ɗan uwansa da za a nema idan shi ba a same shi ba. Abin da ka rubuta ka tura masa a rubuce ta WhatsApp, ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Saƙon murya ba ya wadatarwa: waya tana ɓata, ana canza ta, kuma ba wanda zai zauna ya saurari saƙonni ɗari yana neman inda aka ambaci adadi. Wani zai ce ai tsakanina da Alhaji babu haka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda suka fi mu yarda da juna.

Irin kuɗin da aka karɓa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira kuwa kowa ya ga yadda ta yi tun tsakiyar 2023. In an turo naira don a yi sayayya da riyal, ka canza a ranar, ka faɗa wa mai kuɗin nawa ta zama, ka rubuta riyal ɗin a littafi. Wanda ya riƙe naira mako biyu yana jiran canji ya gyaru, in an samu ƙari na mai kuɗi ne, in an samu raguwa kuwa jinkirinsa ne ya jawo. Bashi ma da kuɗin da aka ci shi ake biya. In za a biya da wani kuɗin daban, da farashin ranar biya ake lissafi, kuma a gama kafin a rabu.

Sai maganar lada, inda kunya take kai mutane ga abin da ya fi kunya muni. Zuwa kasuwar Utaibiyya da rana tsaka aiki ne. Motar haya kuɗi ce, lokacinka ma kuɗi ne, kuma babu laifi ko kaɗan ka ce, "Hajiya, zan sayo miki, amma ladan ɗawainiyata riyal hamsin ne." Laifin yana wajen wanda ya ce "haba, don Allah zan yi," sannan ya ɗora ɗari biyu a kan farashi bai faɗa ba. In an ba ka 3,000 ka yi ciniki ka samu a 2,700, ɗari ukun nan na mai kuɗi ne, domin kai wakili ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinarin gaba ɗaya, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Bai ce ribar wayonsa ce ba. Haka la'adar da mai shago yake ba ka don ka kawo masa baƙi: a cikin farashin da alhajin ya biya take, don haka ko ka faɗa masa, ko ka sa a rage masa ita. In kuwa ciniki kake so ka yi, to ka fito a ɗan kasuwa: ka sayi kaya da kuɗinka, ka ce ga farashina, ya saya ko ya bari. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka zama wakili a baki, ɗan kasuwa a aljihu.

Zinare yana da nasa ƙa'idojin. Kowane yanki akwai hatimi a jikinsa, galibi a wajen maƙullin sarƙa ko cikin zobe: 875 shi ne mai lamba 21, 750 mai lamba 18, 916 mai lamba 22. Farashi kashi uku ne, nauyi a kan kuɗin giram na ranar, da kuɗin ƙira, da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020. Ka sa a auna a gabanka, ka karɓi fatura, wato rasit, mai nuna nauyi da lamba da kuɗin ƙira daban-daban, ka ɗauki hotonta ka tura nan take. Ka kuma gaya wa mai sautu gaskiyar da masu shago ba su cika faɗa ba: ranar da za ta sayar, kuɗin ƙira ba ya dawowa, kuma duwatsun ado cire nauyinsu ake yi. Mai sayen zinare don ajiyar dukiya gara ta ɗauki marar duwatsu mai sauƙin ƙira. Sannan zinare hannu da hannu ake sayensa. Ɗaukowa daga shago a kan za a biya in kuɗi ya iso daga gida ya saɓa wa hadisin Ubadatu ɗan Samit, ko da mai shagon ya yarda.

Dabino kuwa, wanda ya ce ajwa yake so, ajwa za a ba shi. Ita ƙarama ce, mai ɗan zagaye, baƙa, da siraran layuka a fatarta. Safawi ya fi ta tsawo kuma ya fi araha, kuma a cikin kwali wanda bai saba ba ba zai bambance su ba. In kuɗin bai kai ajwa ba, a kira a faɗa. Zamzam ma wanda ake yarda a hau jirgi da shi shi ne rufaffen nan na lita 5. Kada ka yi wa kowa alkawarin jarka.

Duk waɗannan, in an yi kuskure, ana iya mayar da kuɗi a nemi yafiya. Hadaya ba haka take ba, shi ya sa na fi jin tsoronta. Alhajin da ya yi Tamattu'i ko Ƙirani, wato ya haɗa Umara da Hajji a tafiya ɗaya, jini wajibi ne a kansa da nassin aya ta 196 a Baƙara. Ya ba ka kuɗi ya koma tantinsa a Mina da natsuwar cewa ya sauke. In ba ka yanka ba, ko ka yanka abin da bai isar ba, ya koma Kano ko Damagaram da wajibi a wuyansa bai sani ba, kuma wataƙila ba zai sake takowa ƙasar nan ba har ya mutu.

Ga inda ake zamewa. Na farko lokaci: yanka yana farawa ne ranar 10 ga Zulhajji. A Malikiyya kwana uku ne, zuwa faɗuwar ranar 12, kuma da rana. Shafi'iyya sun kai shi 13. Wanda ya yanka tun ranar 6 ko 7 don dabba ta fi araha kuma mayanka babu cunkoso, a wajen mafi yawan malamai nama kawai ya raba. Na biyu wuri: a cikin Harami ake yanka, Mina ko Makka. Jidda ba Harami ba ce, Arfa ma ba Harami ba ce. Na uku dabbar kanta. Rago a mashahurin zancen Malikiyya sai ya cika shekara, wasu mazhabobin sun yarda da wata shida in ya yi jiki. Akuya sai ta cika shekara ta shiga ta biyu. Raƙumi shekara biyar. Mai ido ɗaya, da marar lafiyar da ciwonta ya bayyana, da gurguwa, da ramammiyar da ba ta da ɓargo, duk ba sa isarwa. Haɗa mutum bakwai a kan sa ko raƙumi, wanda sauran mazhabobi suka yarda da shi, Malikiyya ba su yarda da shi a hadayar wajibi ba, don haka ba ka da ikon yanke wa alhaji wannan hukuncin ba tare da ka tambaye shi ba.

Yadda abin yake faruwa kuwa kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya karɓi kuɗin mutum talatin tun farkon wata a kan farashin da ya gani a lokacin, har ya yi ragi don ya jawo mutane. Ranar Sallah ya isa kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya, farashi ya tashi, hanyoyi a rufe, mahauta sun yi ƙaranci, shi kuma ko barci bai yi ba. Kuɗin talatin ya sayi ashirin da biyu. A nan ne Shaiɗan yake kawo shawarar 'yan ƙananan raguna, ko a ɗauki hoton rago ɗaya ta fuska uku. Wanda duk ya ce zai yi maka hadaya a rabin farashin da aka sani, a cikin waɗannan sharuɗɗan zai cire ragin.

Ni a ganina, mazaunin da ba sana'arsa ce dabbobi ba, kada ya karɓi kuɗin hadaya sam. Akwai shirin Adahi, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya soma gudanarwa a 1983, da mayankansa a Mu'aisim kusa da Mina, da likitocin dabbobi da masu duba sharuɗɗan shari'a, kuma naman ana sarrafa shi a raba wa mabuƙata. Kuɗin takardar hadaya da ake saya a shirin ya ɗan haura riyal 700 a 'yan shekarun nan. Hukumomi kuma duk shekara suna gargaɗi a kan ba wa waɗanda ba su da izini kuɗin yanka. Taimakon da ya fi shi ne ka zauna da alhajin, ka saya masa takardar da sunansa da lambar wayarsa, saƙon tabbaci ya shigo wayarsa shi da kansa. In ka ɗauki ladan wannan ɗawainiyar a fili, halal ɗinka ne. Wanda kuma kuɗinsa bai kai ba, ka tuna masa Allah Ya ba shi mafita a cikin ayar: azumin kwana uku a lokacin Hajji, bakwai in ya koma gida. Wannan ya fi masa hadayar da ba a tabbatar an yanka ba.

Hajjin wakilci shi ma haka. Mutum ɗaya, Hajji ɗaya, a shekara ɗaya, da sunan mutum ɗaya. Kuma sai wanda ya riga ya yi nasa, saboda hadisin mutumin da Annabi ya ji yana talbiyya da sunan Shubruma, ya ce masa ya fara yi wa kansa. Ana yi wa mamaci, ko wanda tsufa ko ciwon da ba a sa ran warkewa ya hana shi zuwa. Mai lafiyar da kujera ta yi masa tsada ba ya cikinsu, kuma gaya masa hakan yana cikin amana ko da zai hana ka samu. Umara kuwa, mazaunin Makka sai ya fita wajen Harami, Tan'im ko Ji'irana, ya ɗauki harami da sunan wanda zai yi wa, kowace Umara da nata fitar.

Sannan akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka kafin ka miƙa hannu: kana da tasrihi, wato izinin Hajjin bana? Mazauni sau ɗaya yake samu a shekara biyar. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai har riyal 20,000, da kora daga ƙasar da hana dawowa na shekara goma. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin lafiya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Wanda ya karɓi kuɗin Hajjin mahaifin wani alhali shirinsa shi ne ya bi ta duwatsu, ya sayar da abin da bai mallaka ba. In an tare shi a hanya, ga kuɗi ya riga ya taɓu, ga kunyar faɗa, sai ƙarya ta biyo baya. Cewa "bana ba zan iya ba" tun a Shawwal ya rufe duk wannan ƙofar.

Saƙon kaya ba ya buƙatar dogon bayani. Kada ka ɗauki ƙullin da ba ka buɗe da hannunka ba, kuma kada ka ba wani naka a rufe. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Mutane ba su manta da ɗalibar nan 'yar Najeriya da aka kama a ƙarshen 2018 saboda jakar da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, wadda sai da ta shafe watanni a tsare kafin gaskiya ta fito a 2019. Mai saƙon kirki ba ya jin haushin a buɗe.

Akwai abin da ba mu son tunawa, alhali zaman baƙunta muke yi. Igama tana ƙarewa banki ya rufe asusu. Ana iya tare mutum a hanyar masallaci, kafin iyalinsa su ji labari yana tsare a Shumaisi ana shirin tarhil, wato mayar da shi ƙasarsa. Ana kwana lafiya a wayi gari ana sallar gawa a Harami. A kowanne daga cikin ukun nan, kuɗin mutane da ke cikin asusunka ko a ƙarƙashin katifarka ya zama abin da magada ko maƙwabta za su yi ta gardama a kai. Shi ya sa ba a so Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Mutum ɗaya amintacce, matarka ko ɗan uwanka, ya san inda littafin yake da inda ambulan suke. Annabi da zai yi hijira, mutanen da suke neman ransa ne suke da ajiya a wurinsa, ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa kowa da nasa. Haka kuma a kula da barin kuɗin jama'a yana ratsawa ta asusunka: shige da ficen da ya ninka albashin da ke kan igamarka yana jawo tambayar banki, kuma ranar da aka riƙe asusun, kuɗin marayu da na sautu duk tare za a riƙe.

Kowace Juma'a, ko aƙalla ƙarshen wata, ka buɗe littafin ka ƙirga abin da ke cikin kowace ambulan. In lissafi ya yi daidai, ka rufe. In akwai giɓi, ranar za a fara gyara, tun yana ɗari biyu bai zama dubu biyar ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, hanyar fita tana nan, sai dai tana da ɗaci. Ya daina karɓar sabon sautu, domin da shi ramin yake ƙara zurfi. Ya rubuta duk wanda yake bin sa da adadin. Ya kira kowa da kansa, kafin su ji a bakin wani, ya ce, "Alhaji, kuɗinka na taɓa, ga abin da ya saura, ga abin da zan riƙa biya duk wata," a mayar da shi bashi rubutacce da shaidu biyu. In hadaya ce ba a yanka ba, ko aka yanka ba bisa ƙa'ida ba, mayar da kuɗi kaɗai bai isa ba. Dole alhajin ya san jininsa bai zuba ba, don ya tambayi malami, a yanka masa a Makka da kuɗin wanda ya yi sakacin. Haka wanda aka karɓi kuɗin Hajjin mahaifinsa ba a yi ba. In mai haƙƙi ya rasu, magadansa ake ba. In an yi iya ƙoƙari an neme shi ta wayarsa da ta 'yan uwansa da mutanen garinsu da ke zuwa Umara ba a same shi ba, sai a yi sadaka da adadin da niyyar ladan nasa ne, a rubuta ranar da abin da aka bayar a littafin. In ya bayyana daga baya, a gaya masa abin da aka yi, ya zaɓa: ko ya bar sadakar a matsayin tasa, ko a biya shi kuɗinsa.